Digirin da ya iso bayan mai shi ya tafi

A daren 19 ga Maris, 1939, Lloyd Gaines ya fita daga masaukinsa a birnin Shikago na Amurka, ya ce zai je sayen kan sarki. Tun daga wannan dare ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata uku kafin nan, sunansa ya cika jaridu. Ya kammala digirin farko a Jami'ar Lincoln ta jihar Missouri a 1935, sannan ya nemi gurbin karatun lauya a Jami'ar Missouri, aka hana shi don kawai baƙar fata ne. Jihar ta ce a shirye take ta biya masa kuɗin karatu a wata jihar, shi kuwa ya ƙi, ya garzaya kotu da taimakon lauya Charles Hamilton Houston. A watan Disamba na 1938 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa wajibi ne Missouri ta ba shi ilimin lauya a cikin iyakokinta. Maimakon ta buɗe masa ƙofa, sai jihar ta yi gaggawar kafa wa baƙaƙe tsangayar lauya ta daban. Da mai ƙara ya ɓace, shari'ar ta mutu, kuma sai a 1950 jami'ar ta fara karɓar ɗalibai baƙaƙe.

A 2006, shekara 67 bayan ɓatansa, Jami'ar Missouri ta ba Gaines digirin girmamawa a fannin shari'a, alhali bai taɓa zama a ajinta ko sau ɗaya ba.

Galibi jami'o'i kan ba mamaci digiri ne idan ajali ya katse masa karatun da ya riga ya yi nisa. Haka Jami'ar Virginia Tech ta yi a 2007 ga ɗalibanta 27 da aka harbe, ciki har da masu karatun digiri na biyu da na uku. Iyalansu suka karɓi shaidar wahalar da 'ya'yansu suka sha. A irin wannan hali jami'a abokiyar makoki ce.

Lamarin Gaines dabam ne, domin jami'ar da kanta ce ta tare hanya. Takardar da ta bayar ba ta shaidar karatu ba ce, amsa laifi ce. Ana iya cewa ihu ne bayan hari, tunda ba ta mayar masa da ko shekara ɗaya ta aikin lauya ba. Duk da haka ta gyara kundin tarihin makarantar: sunan da aka ƙi rubutawa cikin rajista a 1936 yau yana cikin jerin waɗanda ta karrama, kuma cibiyar al'adun baƙaƙe ta jami'ar tana ɗauke da shi. Har yanzu dai ba a san inda kabarinsa yake ba.