Tseren mutum ɗaya a Sidni da darasin shirya yara masu ninƙaya

Ranar 19 ga Satumba, 2000, a gasar Olamfik ta birnin Sidni na Ostireliya, mutum uku suka hau dandamalin tashi don zagayen farko na tseren ninƙaya na mita 100: Karim Bare na Jamhuriyar Nijar, da Farkhod Oripov na Tajikistan, da Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. Kafin a ba da sautin tashi, Bare da Oripov suka riga malam masallaci, suka faɗa ruwa. Dokar kuwa ba ta da sassauci: kuskure ɗaya, an kore ka. Haka Moussambani ya yi tseren shi kaɗai.

Ya gama cikin minti 1 da sakan 52.72, yana neman sarewa kafin ya taɓa bango, dubban ’yan kallo na yi masa sowa. Pieter van den Hoogenband na Holan, wanda ya ci zinaren, sakan 48.30 ya yi a zagayen ƙarshe. Mun saba kallon bidiyon nan a waya muna dariya ko tausayi, amma ba kasafai muke tambayar yadda aka shirya waɗannan samari ba.

Moussambani ya je Sidni ne ta gurbin da ake ware wa ƙasashen da ’yan wasansu ba su cimma lokacin cancanta ba. Watanni kaɗan kafin gasar ya fara atisaye, a ɗan tafkin wani otal a Malabo. Bai taɓa ganin tafki mai tsawon mita 50 ba sai a Sidni, kuma a can ya riƙa kallon wasu don koyon yadda ake juyawa a bango. Ga Bare kuma, tafiya tun daga Nijar ta ƙare ba tare da an rubuta masa lokaci ba.

Ƙasashen da suka yi nisa a wasan sun daɗe da gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun shekarun 1950 Amurka ta yaɗa tsarin gasar yara rukuni-rukuni: ’yan shekara 10 zuwa ƙasa, ’yan 11 da 12, ’yan 13 da 14. A irin waɗannan ƙananan gasanni yaro ke koyon duba sunansa da layinsa a takarda, da ɗumama jiki, da tsayawa cik har sai an ba da sauti. Idan an kore shi yana ɗan shekara 9, zai yi kukansa ya gyara, asarar ba ta wuce ta yini guda ba. Iyaye ma makaranta suke shiga. Su ne masu sammakon kai yara atisaye, su ne masu riƙe agogo a bakin layi, kuma a nan suke koyon barin gyara ga mai horarwa, da auna yaro da lokacinsa na baya maimakon da ɗan maƙwabci.

Ragowar labarin Moussambani ya nuna cewa horo na aiki. Cikin ’yan shekaru ya sauko da lokacinsa ƙasa da minti ɗaya. Sai dai bai shiga gasar Atens ta 2004 ba saboda tangarɗar takardu. A 2012 aka naɗa shi mai horar da tawagar ƙasarsa.

Mu ma muna da yaran da ruwa bai ba su tsoro, daga bakin kogin Neja a Yamai zuwa masu wasan kabanci a Argungu. Iya ruwa daban, iya gasa daban. Duk uwa ko uban da ɗansu ya nuna sha’awa, su nemi ƙaramar gasa tun yana ƙarami, su karanta dokokin tare da shi, su kai shi ya ga tafkin kafin ranar, su kuma duba takardunsa tun da sauran lokaci.