Iceland: Kogon narkakken dutse ko kogon ƙanƙara?

Ƙasar Iceland, wani tsibiri da ke arewacin tekun Atlantika, tana da nau'in kogo biyu da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi domin a shiga da su. Ɗaya wuta ce ta haƙa shi, ɗayan kuma ruwa. Kamfanonin yawon buɗe ido kan jera su a shafi guda kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa sun sha bamban ta fuskar lokacin ziyara, da nisan tafiya, da kuma haɗari.

Kogon narkakken dutse yana samuwa ne idan dutse ya yi aman wuta. Yayin da narkakken dutsen ke malala, samansa kan huce ya daskare, shi kuwa na ciki ya ci gaba da gudu. Idan aman ya tsaya, sai na cikin ya tsiyaye ya bar dogon rami kamar bututu. Raufarholshellir, wanda ke da tafiyar kimanin rabin sa'a a mota daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, yana da tsawon mita 1,360, kuma ya samu ne shekaru fiye da 5,000 da suka wuce. An shimfiɗa masa hanyar tafiya tare da sa fitilu, kuma zagayen da aka saba yi bai wuce sa'a guda ba. A yammacin ƙasar akwai Vidgelmir mai tsawon kusan mita 1,600, wanda ya samu a wajajen shekara ta 900. Vatnshellir kuwa, a yankin Snaefellsnes, gajere ne, amma sai an sauka mita 35 ta wata matakala mai murɗewa, abin da mai ciwon gwiwa zai so ya sani tun kafin ya biya kuɗi.

Waɗannan koguna suna nan yadda suke ɗaruruwan shekaru, ana kuma shiga yawancinsu rani da hunturu. Sanyin cikinsu ba ya canjawa sosai, yana kusa da ma'aunin daskarewar ruwa. Aman wutar da aka riƙa yi a yankin Reykjanes tun daga shekarar 2021, wanda ya sa aka kwashe mazauna garin Grindavik a watan Nuwamban 2023, ya faru ne a wani wuri dabam.

Lamarin kogon ƙanƙara ba haka yake ba. Tarin ƙanƙarar Vatnajokull, mafi girma a ƙasar, ya rufe kimanin kashi 8 cikin ɗari na faɗin Iceland. A lokacin bazara ƙanƙarar kan narke, ruwan ya riƙa huda hanyoyi a cikinta da ƙarƙashinta. Idan sanyi ya kama, ruwan ya ja baya, sai a samu ramukan da mutum zai iya shiga. Launin shuɗin da ake gani a hotuna ya samo asali ne daga nauyin ƙanƙarar, wanda ya matse iskar da ke cikinta tsawon ɗaruruwan shekaru, har ta zama tana shanye jan haske tana barin shuɗi. To amma kogon bara ba lallai ne a same shi bana ba. 'Yan jagora kan fita neman sababbi ne a kowace kaka, don haka hoton da ke jikin talla yana iya zama na kogon da ya riga ya rushe.

Wannan ne ya sa aka fi shiga irin waɗannan koguna daga watan Nuwamba zuwa Maris. A ranar 25 ga watan Agustan 2024, wato a lokacin bazara, ƙanƙara ta rufta wa wani ayarin masu yawon buɗe ido a Breidamerkurjokull, wani reshe na Vatnajokull. Wani Ba'amurke ya mutu, matar da ke tare da shi ta ji rauni. Masu aikin ceto sun shafe sa'o'i da dama suna tono, suna neman wasu mutum biyu da aka ce sun ɓace. Sai washegari 'yan sanda suka gano cewa mutum 23 ne a ayarin, ba 25 ba kamar yadda aka faɗa musu. Bayan haka hukumar gandun Vatnajokull ta dakatar da irin wannan ziyara na wani lokaci.

Kamfanin da bai san adadin mutanen da ya ɗauka ba, da wuya a amince masa a kan sauran al'amura. Saboda haka kafin a biya kuɗi, yana da kyau a tambaya ko kamfanin yana da izinin aiki a gandun, da wane horo ɗan jagoran ya samu, da yawan mutanen da zai kula da su shi kaɗai, da kuma ko ana duba kogon a ranar da za a shiga. Haka nan a ji matsayin kuɗi idan aka fasa tafiya. Fasa tafiya saboda ruwan sama ko ɗumin yanayi alama ce mai kyau ga kamfani, duk da cewa ba ta yi wa baƙon da ya zo daga nesa daɗi.

Nisa ma abin lura ne. Yawancin ayarin da ke zuwa kogunan Vatnajokull suna tashi ne daga tafkin Jokulsarlon, kimanin kilomita 380 daga Reykjavik, tafiyar sa'o'i biyar idan hanya ta yi kyau. A watan Disamba kuwa hasken rana bai fi na sa'o'i huɗu zuwa biyar ba. Wanda ya yi niyyar zuwa ya dawo a rana guda, zai yi mafi yawan tuƙinsa ne cikin duhu a kan hanya mai santsi.

Ga wanda ya zo a bazara kuma ya nace sai ya ga cikin ƙanƙara, akwai ramin da aka haƙa da injuna a Langjokull, tarin ƙanƙara na biyu a girma, wanda aka buɗe a shekarar 2015, ana kuma shiga shi duk shekara. Akwai kuma kogon Katla da ake zuwa daga garin Vik, wanda ƙanƙararsa ke da baƙaƙen zane na tokar aman wuta. Shi ma ana kai mutane duk shekara, sai dai ba mutum ne ya gina shi ba, don haka tambayoyin da aka ambata sun shafe shi.

Kamfanoni ne ke ba da hular kwano da fitila, da ƙarafa masu tsini da ake ɗaura wa takalmi idan za a taka ƙanƙara. Takalmi mai ƙarfi, da safar hannu, da rigar da ruwa ba ya ratsawa, waɗannan na baƙo ne. Mai tafiya da yara ya bincika ƙa'idar shekaru, domin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Lambar neman agajin gaggawa a Iceland ita ce 112.