Tarihin Maganin Akalasiya: Daga Sanda da Soso Zuwa Tiyata ta Baki

Akalasiya cuta ce ta bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki. A ƙarshen bututun akwai zoben tsoka da ke saki duk lokacin da aka haɗiye loma. Idan jijiyoyin da ke sa shi saki suka mutu, sai ya ƙi buɗewa, bututun kuma ya daina tura abinci ƙasa. Loma ta tsaya a ƙirji, ruwa ma ya yi wuyar wucewa, mai ciwon ya riƙa dawo da abin da ya ci, yana ta rama.

A shekarar 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya ba da labarin wani majinyaci da ya haɗa wa siririyar sanda mai soso a kai, yana cusa ta bayan ya ci abinci domin danna shi ƙasa. Daga baya aka koma buɗe zoben da balan-balan mai ƙarfi, ana hura shi har tsokar ta yage kaɗan. A 1913 Ernst Heller, likitan fiɗa a Jamus, ya buɗe ciki ya tsaga tsokar da wuƙa. A 1991 aka fara yin wannan aiki ta ƙananan huji a Dundee ta Sikotilan. Cikin shekarun 1990 kuma Pankaj Pasricha ya gwada allurar botoks a Amurka, sai dai sauƙinta na 'yan watanni ne.

Pasricha ɗin ne ya nuna a jikin aladu, a 2007, cewa ana iya kai wa tsokar ta baki. A watan Satumban 2008 Haruhiro Inoue ya yi wa mutum na farko wannan aiki a Yokohama ta Japan, aka sa masa suna POEM. Bayan an sa majinyaci barci, likita zai zura bututu mai kyamara ta bakinsa. Ya ɗura ruwan gishiri mai launin shuɗi ƙarƙashin fatar cikin bututun abincin har ta tasa, ya yanka ta kamar santimita 2. Ta nan zai shiga ya haƙa hanya tsakanin fata da tsoka har ya ɗan zarce bakin ciki. Sai ya yanke tsokar da ta ƙi saki, ya fito, ya rufe ƙofar da ƙananan ƙarafa masu kama fata. Ba a barin tabo ko ɗaya a waje.

Hukunci ya zo a 2019, da manyan bincike biyu. Na farko ya nuna cewa bayan shekara 2, kashi 92 cikin 100 na waɗanda aka yi wa POEM sun sami sauƙi, na balan-balan kuwa kashi 54. Na biyu ya gwada shi da aikin Heller, aka tashi kusan kunnen doki: kashi 83 da kashi 82.

Sai dai ba a samu a banza ba. A aikin Heller akan naɗe saman ciki a bakin bututun don hana ruwan tsamin ciki hawowa, a POEM kuwa ba a saba yin haka ba. Shi ya sa bayan shekara 2 aka ga kumburin da ruwan tsami ke jawowa a kashi 44 na masu POEM, da kashi 29 na masu Heller.

Har yau babu aikin da ya farfaɗo da jijiyoyin da suka mutu. Matsewar zoben tana raguwa, abinci yana wucewa, amma galibi nauyinsa ne ke kai shi ƙasa, ba ƙarfin bututun ba. Don haka ake shawartar wanda aka yi wa aikin ya ci a zaune, ya tauna sosai, kada ya kwanta da zarar ya gama. Da yawansu kan ci gaba da shan maganin ƙwannafi, ana kuma leƙa bututun lokaci zuwa lokaci.