Shokozoba, Sihirin da Henti

A bakin kasuwar Acida, kan titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Goronyo, na taɓa tsayawa jiran mota, sai idona ya faɗa kan wani bakanike da ya kwance ƙafafun bayan wani tsohon Boksa ya jera su bisa buhu. Mai babur ɗin saurayi ne daga Rimawa, burinsa a mayar masa da abin hawansa yadda ba a taɓa ganin irinsa a unguwarsu ba. Bakaniken ya ɗauki ƙarfe ɗaya, ya kafa shi a ƙasa, ya danna da nauyin jikinsa, ya saki. Sai ya ce, "Ƙanena, mi kaka so, kwaskwarima ko garambawul?"

Mota ta zo ta wuce ban shiga ba.

A fara da mai tambayar. Bature ya ce mechanic, kunnen Bahaushe ya ji makanike, amma bai tsaya nan ba. Gaɓar farko ta yi masa kama da "ba" ɗin da ke gaban Bagobiri da Ba'adare, sai ya daidaita ta: bakanike. Da aka zo jam'i aka cire ta ɗungum, kamar yadda ake yi a Gobirawa da Adarawa, aka ce kanikawa. An ƙirƙira musu asali ke nan. Wanda bai san tarihin kalmar ba sai ya rantse akwai wani gari Kanike can bayan Sabon Birni, inda ake haihuwar yara da sufana a hannu.

Babur ya fi shi nisan tafiya. Asalinsa tururi ne, vapore a bakin mutanen Italiya, vapeur a Faransanci. Larabawa ba su da waɗannan baƙaƙe, suka ce babur ko wabur, suka raɗa wa jirgin ruwa mai tafiya da tururi, da kan jirgin ƙasa, har da risho na girki. A Sudan injin ban ruwa ma babur ne. Da da wannan ma'anar kalmar ta iso bakin kogin Rima, da manoman albasa da tafarnuwa na ƙasan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, kowa na da babur ɗinsa a bakin lambu yana ta ɓaɓatu bai gusa ko taku ɗaya ba. Hausa ta ɗauki sunan ta ba abin da ko kusa bai san tururi ba.

Inda ake zama kuwa sirdi ne, duk da siti na neman ƙwace masa wuri. Sirdi daga sarj na Larabci, kayan doki, ɗan'uwan linzami da likkafa. Ya dace da wannan ƙasa. Wurno da ke nan kusa ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1837, kuma ribaɗi daga tushen Larabci na ɗaurewa ya fito, ɗaure dawaki a bakin daga. Doki yana da gwiwoyinsa da ke shanye ramin hanya kafin ya iso ga mahayi. Dokin ƙarfe sai da aka ƙera masa.

Abin da aka ƙera masa shi ne shokozoba.

Na ji shokozoba, na ji shakazoba, masu gaggawa kuma su ce shoka su huta. Kalma biyu ce a Ingilishi, shock da absorber, Hausa ta yi musu walda har ba a ganin wurin haɗin. Ma'anarta mai shanye duka. Kanikawan Birnin Ƙonni da suka koyi sana'a da Faransanci amortisseur suka gada, kuma a cikinta akwai mort, mutuwa: shi Bafaranshe kashe dukan yake yi. Direban Masar ko na Saudiyya musa'id yake cewa, mataimaki, daga tushe ɗaya da sa'ada da Sa'idu da Mas'udu. Ƙarfe ɗaya, wannan ya ce sha yake, wancan ya ce kisa yake, na ukun ya ce taimako yake. Bahaushe bai sa baki a gardamar ba, ya karɓi sunan a dunƙule. Sai ranar da abin ya lalace zai ce "ya mutu", ya mayar wa Bafaranshe da gawarsa.

Ga inda zan yi ƙwaƙƙwafi: sunan Ingilishin rabin gaskiya ne. Shokozoban baya abu biyu ne a haɗe. Akwai murɗaɗɗen ƙarfen da ke waje, wanda kowa ke gani, akwai kuma kwalbar ƙarfe a cikinsa, cike da mai, da wata siririyar sanda mai ƙyalli tana shiga tana fita. Na wajen shi ke ɗaukar nauyi, shi ke shanye dukan rami. Aibinsa ɗaya, ba ya riƙe abin da ya sha. Da ya takure zai mayar, ya sake takurewa, ya sake mayarwa, babur ya yi ta tsalle kamar ɗan akuya. Aikin na ciki shi ne hana wannan. Sandar tana tura mai ta ƙananan huda, man ya ƙi wucewa da sauri, ƙarfin tsallen ya koma zafi ya bi iska. Wanda ake kira mai shanyewa ashe mai lallashi ne. Injiniyoyin Ingila sun san haka, shi ya sa a tsakaninsu damper suke cewa, mai kwantar da abu. Ba ta haɗa dangi da damfara ba, sai fa in an sayar maka da wanda babu mai a cikinsa.

Murɗaɗɗen ƙarfen shi ne sifirin. Hausa ba ta jure baƙaƙe uku a jere, don haka ta tsaga spring ta cusa wasula, kamar yadda ta yi wa sukudireba. To a ƙasar Sakkwato "fa" komawa take "ha" ko "hwa": ana tahiya, ana hita hili, ana hwaɗa. Bi wannan ƙa'ida, sifirin ya zama sihirin. Da wuya a sami sunan da ya fi wannan dacewa da waya mai kaurin ɗan yatsa, wadda ake ɗora wa buhunan albasa da mutum biyu ta durƙusa, a sauke kaya ta miƙe kamar ba ita ba. Kamfanin Bajaj na Indiya, mai ƙera Boksa, ya san irin lodin da ake yi, yana sa ƙaramin sifirin a cikin babba. Sihiri cikin sihiri.

Ƙarafan gaba biyu da suka rungume taya, Bature ya ce musu fork, Bafaranshe ya ce fourche, dukansu daga furca ta Latin, itace mai baki biyu. Mai fassara da ƙamus zai ce cokali mai yatsu, ya bar gareji da dariya, alhali muna da kalmar tun fil azal: gwafa. A gareji dai shokan gaba za ka ji. Bututu ne cikin bututu da mai a tsakani, tsarin da BMW ta fito da shi kasuwa a 1935.

Sunan da ya haɗa su duka, suspension, shi ne bai sami masauki ba. Asalinsa ratayewa, domin jikin babur ba a kan tayoyi yake zaune kai tsaye ba. Amma a labaran rediyo kalmar nan dakatarwa ce, irin wadda ake yi wa ɗan majalisa. Haka custom, babur ɗin da aka haɗa wa mutum yadda ransa ke so. Ka ce wa ɗan Illela na bakin iyaka naka na kwastan ne, zai yi maka jaje, ya ɗauka kama shi aka yi. Kalma ɗaya ce kuwa a asali, abin da aka saba: kuɗin da aka saba biya a kan iyaka, da cinikin wanda ya saba zuwa shago har ana yi masa aiki a kan awonsa. Tela ya riga kanikawa warware wannan, ya raba ɗinki da ɗinkakke. Babur ɗin saurayin Rimawa ɗinki ne.

Abokiyar gaba a wannan aiki 'yar gida ce, tsatsa. Makaman yaƙarta duk baƙi ne: sanfefa, tina, fenti. Kalmar paint ta sha hanya, "pa" ta zama "fa" a Kano, "fa" ta zama "ha" a Sakkwato, aka sami henti. Wanda ya yi dariya ya tuna daidaitacciyar Hausa ma hoto take cewa. Da an zo kan aikin kuwa babu aro ko ɗaya. Kankarewa ake, a goge, a wanke, a fesa, a shanya.

Me ya hana a ce rini? Marini ya san amsar. Rini shiga zare yake yi, baba ya zama jikin tufa. Fenti a sama yake kwanciya, rayuwarsa ta dogara ga abin da ke ƙarƙashinsa, in an bar tsatsa ko maiƙo zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Sifirin kuma ya fi kowane ƙarfe wuyar fenti, don kullum cikin lanƙwasa yake, mai kauri tsagewa zai yi. Sai a kankare har ƙarfe ya fito fari, a wanke da tina, a fara da shafin ƙasa mai kama ƙarfe, sannan feshi siriri-siriri ana bari yana bushewa. Masana'antu garin fenti suke fesawa su gasa a zafin da ya kusa digiri 200, wanda bai kai ya taɓa taurin ƙarfen ba. Wutar walda ta kai. Wanda ya ƙone tsohon fenti da ita ya gama da sifirin, zai zauna ya ƙi tashi. Sandar nan mai ƙyalli kuwa ba a kusantarta da fenti ko sanfefa mai kaushi, domin ta cikin robar da ke tare mai take wucewa. Ƙwarzane ɗaya, yoyo ya fara. Ƙurar hunturu ma ta ishe ta jarabawa.

Saurayin yalo yake so. Bai ce rawaya ba, wadda sunan tsiro ce da ake samun launin daga saiwarsa, bai ce ruwan ɗorawa ba. Launi kansa Larabci ne, kala Ingilishi. Son rawayan sifirin kuma yana da mafari: kamfanin Öhlins na Suwidin, da aka kafa a 1976, ya mai da shi tambarinsa a baburan tsere, masu kwaikwayo suka bi, har ya iso hoton da ke cikin wayar saurayin. Gwangwanin feshi zai ba shi launin. Abin da ke cikin kwalba ba ruwansa.

Wannan ya dawo da mu ga tambayar bakanike. Garambawul a kunne kamar tsohuwar Hausa, kamar sunan wata ganga ta fada. Masana harshe general overhaul suke mayar da ita, wato a kwance inji kaf a duba kowane noti. Ta bar gareji ta hau kujera, yau gwamna ake cewa ya yi wa majalisarsa garambawul. Kwaskwarima kuwa kunne yana jin kwaskware a cikinta, sassaƙe bayan abu ya yi kyan gani, ita ma ta shiga siyasa, kundin tsarin mulki ake yi wa. A kan shokozoba iyakarsu a fili take. Kwaskwarima a sifirin take tsayawa. Garambawul sai ya shiga ciki, sabon mai, sabuwar roba, sabon bushi a sama da ƙasa. Na gaba suna kwantuwa a yi musu haka. Na baya masu arha a rufe suke zuwa, ba a ƙera su don a buɗe ba.

Saurayin ya ce, "Maigida, a yi duka."

Bakaniken ya cire sifirin, ya kama sandar da yatsu biyu ya ja. Ta taho sululu, babu abin da ya riƙe ta. Ya ce, "Wanga ya mutu, in an yi mai henti likkafani na. Sihirin dai shina da rai." Ya jefa kwalbar cikin tarin ƙarafa, ya yage sanfefa ya miƙa wa saurayin tare da murɗaɗɗen ƙarfen. "Hwara gugawa. Ba kai kac ce Lahadi kana da lodin tafarnuwa zuwa Goronyo ba?"