Tarihin Tallar Madarar Gwangwani da Rabonmu a Cikinta

A bugun bana na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wata haja da kusan babu motar da ke tasowa daga Kano ta biyo Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi ba tare da katan-katan ɗinta ba, wato madarar gwangwani. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa tallar wannan haja ta taɓa tayar da rigimar da ta kai gaban kotu, ta kai majalisar dattawan Amurka, har ƙasashen duniya suka zauna suka yi mata ƙa'ida.

Wadda ta fara ɗaga murya wata likita ce haifaffiyar Jamaika mai suna Cicely Williams. Ta zo aiki ƙasar Gana a 1929, lokacin Turawa na kiranta Gwalkwas, kuma ita ce ta shigar da sunan kwashiyoko, irin tamowar nan mai kumbura yara, cikin littattafan likitoci. Da aka mayar da ita yankin Asiya sai ta tarar kamfanoni na tallar madarar ruwa mai kauri da sukari a matsayin abincin jarirai. A 1939 ta yi jawabi a birnin Singafo wanda ta haɗa madara da kisan kai a takensa. An ji, an watse, ciniki ya ci gaba.

Bayan samun mulkin kai, birane sun cika, rediyo ta shiga gidaje, kamfanonin madara kuma suka juyo Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Ana liƙa hoton jariri ɓul-ɓul a bango da jikin gwangwani, ana maimaita sunan madarar a rediyo, ana nuna cewa macen da ta waye bulumboti take ba ɗanta. Dabarar da ta fi tayar da hankali ita ce ta sa wa mata masu talla farar riga irin ta ma'aikatan jinya, su shiga ɗakunan haihuwa da gidajen masu jego suna raba gwangwani kyauta.

Wannan kyauta ita ce ƙugiyar. In jariri ya rage tsotso, ruwan nonon uwa sai ya ja baya. Kafin gwangwanin kyauta ya ƙare nono ya ƙafe, dole a saya. Kuɗin madarar kan cinye babban kaso na abin da maigida ke samu, sai a riƙa tsinka ta da ruwa don ta daɗe. Ruwan na rijiya ne ko tafki, ba a tafasa ba, bulumbotin ma ba a dafa shi ba. Daga nan sai gudawa, sai tamowa, sau da yawa sai rasuwa.

A 1973 mujallar New Internationalist ta Ingila ta buga hira da likitocin yara biyu, David Morley da Ralph Hendrickse, waɗanda dukansu sun yi aiki a Najeriya, na farko a yankin Ilesha, na biyu a Ibadan. Sun faɗi abin da idonsu ya gani a asibiti. A 1974 ƙungiyar War on Want ta fitar da rahoto mai suna The Baby Killer, wato makashin jarirai. Wasu matasa a birnin Bern na Suwizalan suka fassara shi da Jamusanci, suka sa masa taken da ke cewa kamfanin Nestlé na kashe jarirai. Kamfanin ya musanta, ya kai ƙara. A 1976 kotu ta same su da laifin ɓata suna saboda taken, ta ci kowannensu tarar faran 300 na Suwizalan, amma alƙalin ya ce dole kamfanin ya sake salon tallarsa tun daga tushe. Kamfani ya ci shari'a, amma labarin da yake son rufewa ya bazu duniya.

A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin a Amurka, abin ya ƙetara Turai. A 1978 Sanata Edward Kennedy ya kira shugabannin kamfanonin madara gaban kwamitinsa. A watan Mayun 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar tallar abubuwan da ke maye gurbin nonon uwa. Ƙasashe 118 suka goyi baya, 3 suka yi rowar ƙuri'a, Amurka kaɗai ta ƙi. An janye ƙauracewar a 1984 bayan kamfanin ya yi alkawarin bin ƙa'idar, aka sake komawa kanta a 1988 saboda madarar da ake ci gaba da bai wa asibitoci kyauta. Najeriya ta yi tata dokar a 1990, Gana kuma a 2000.

Ƙa'idar ba ta hana sayar da madarar jarirai ba. Akwai marayu, akwai uwar da rashin lafiya ya hana shayarwa, waɗannan suna buƙatarta. Abin da ta hana shi ne tallarta ga jama'a, da raba ta kyauta ga masu jego, da sa hoton jariri a gwangwani don jan hankali. Ta kuma taɓo mu kai tsaye: ban da rangwame na musamman a kanti, ban da gyara ko haɗa ta da wata kyauta don a ja mai saye. Ta ce a rubuta bayanin haɗawa da harshen da masu amfani ke ganewa, kuma kada a nuna madarar ruwa mai sukari a matsayin abincin jariri.

Mu da muke ƙetara iyaka, wannan magana ta harshe ta fi shafar mu. Gwangwanin da aka yi wa kasuwar Najeriya da Turancin Ingilishi yake zuwa, mu kuma mu sauke shi a Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni, inda ko wadda ta yi lakwal Faransanci ta karanta. Wanda ya fito daga Kwatano da rubutun Faransanci kan bi hannunmu ya shiga Illela da Sakkwato. A ƙauye uwa ba ta da wanda za ta tambaya sai mai tebur. Abin da ya faɗa mata shi ne tallar ƙarshe, kuma ta fi ta rediyo shiga rai domin ta san shi, ta san gidansu. In aka farke buhun madarar gari ana ƙullawa a leda, babu suna, babu ranar lalacewa, babu bayanin komai sai na bakin mai sayarwa.

Saboda haka muke roƙon iyayenmu manyan dillalai su riƙa jan kunnen yaran shago da masu sari a hannunsu. Madarar shayi ta shayi ce, kada a ce wa mai jego za ta riƙe jariri don kawai kada ciniki ya wuce. Wadda ta zo neman ta jarirai a tura ta wurin likita ko ungozomar asibiti ta koyi yadda ake haɗawa. Hajar da kwananta ya ƙare kada a ƙetara da ita don a kuɓutar da uwar kuɗi. Likitoci sun ce nono zalla wata 6 na farko, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, wanda ya yi daidai da abin da addininmu da iyayenmu mata suka sani tun da daɗewa.

Ƙungiyarmu ta kai yau ne saboda an yarda da maganarmu a ɓangarori biyu na iyaka, ana ba mu kaya bashi ba takarda. Ribar katan ɗaya ba ta kai wannan yarda ba, balle ran ɗan maƙwabci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan, Ya sa albarka a fataucinmu, Ya raya mana zuri'a. Amin.