Taron Zumuncin 'Yan Zuhudu na Da da na Yanzu a Ɗarikar Katolika ta Amurka: Asalinsa da Matsayinsa a Tarihi

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta kafu a tsakanin ƙungiyoyin zuhudu na ɗarikar Katolika, watau ƙungiyoyin maza ko na mata waɗanda suka ɗauki wa'adin zaman talauci da rashin aure da biyayya, domin bautar Allah da hidimar jama'a. Al'adar kuwa ita ce, ƙungiya ta keɓe ƙarshen mako guda, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, ta gayyato waɗanda suka taɓa zama 'ya'yanta sa'an nan suka fita, su zo babban gidanta su zauna tare da waɗanda suka dawwama. Akan ci abinci tare, a duba tsofaffin hotuna, a ziyarci maƙabartar gidan, a rufe da sujada ranar Lahadi.

Wanda ya dubi abin daga nesa zai ɗauka taron tsofaffin ɗalibai ne kurum. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa al'amarin ya fi haka zurfi. Kafin shekarar 1965 irin wannan taro ba abin da zai yiwu ba ne, domin wanda ya fita akan shafe ambatonsa. Saboda haka za mu bi sawun yadda fita daga zuhudu ta tashi daga abin kunya ta koma abin da ake iya zama a tattauna, mu kuma duba abin da taron ya gyara da abin da ya kasa gyarawa. Za mu fi mai da hankali ga ƙungiyoyin mata, waɗanda ake kira sistoci, don su ne suka fi yawa.

Fita a Zamanin Da

A ƙarƙashin dokokin ikkilisiya na shekarar 1917, wadda ta ɗauki wa'adin din-din-din ba ta da ikon ajiye shi sai an warware mata daga sama, galibi daga Roma. Idan takardar ta iso, a gidaje da yawa akan shirya tafiyar a asirce. Akan zaɓi lokacin da sauran sistoci suke ɗakin addu'a, a karɓe tufafin zuhudu, a ba ta kayan gida da ɗan guzuri, a fitar da ita ba tare da ta yi ban kwana da kowa ba. Washegari sai a ga wurinta a teburin cin abinci babu kowa, ba kuma mai tambaya. Sau da yawa akan hana waɗanda suka rage rubuta mata wasiƙa.

Dalilin wannan tsanani shi ne aƙidar da ake bi a wancan zamani, cewa zuhudu daraja ce ta kamala wadda ta ɗara zaman aure, don haka wadda ta bar shi ta sauko ke nan daga sama zuwa ƙasa. Ana kuma tsoron kada ganin tafiyarta ya raunana zuciyar na baya. Littafin Monica Baldwin, 'yar Ingila, mai suna I Leap Over the Wall, wanda ya fito a 1949, ya bayyana irin baƙuntar da ta ji a duniya bayan ta yi shekara ashirin da takwas a kulle. Ya samu karɓuwa ƙwarai, domin a lokacin da wuya a ji muryar wadda ta fita.

Majalisar Batikan ta Biyu

Sauyin ya faro tun kafin majalisar. A 1954 aka kafa wani shiri a Amurka na tura sistoci jami'a su kammala digiri kafin a ba su aji, domin a da akan tura yarinya koyarwa da ɗan abin da ya sawwaƙa na horo. A 1962 kuma Kadinal Suenens na Beljiyam ya wallafa littafi yana kira ga sistoci su fito su shiga hidimar duniyar zamaninsu. Ke nan, sa'ad da Paparoma John na 23 ya buɗe Majalisar Batikan ta Biyu a watan Oktoba na 1962, akwai dubban sistoci masu ilmi mai zurfi da suke jiran abin da za ta ce.

Majalisar ta faɗi abu biyu da suka shafe su. Na farko, a takardar Lumen Gentium ta 1964, ta ce kiran tsarki na kowane Kirista ne, mai aure da marar aure. Na biyu, a takardar Perfectae Caritatis ta 28 ga Oktoba, 1965, ta umarci kowace ƙungiya ta koma ga Linjila da manufar wanda ya kafa ta, ta kuma daidaita sutura da tsarin zamanta da bukatun zamani. A 1966 Paparoma Paul na 6 ya ba ƙungiyoyi izinin kiran babban taro na musamman da gwada sababbin tsare-tsare. Abin da ba a fayyace ba shi ne iyakar gwajin, da kuma wanda zai ce ya isa haka. A nan rikici ya tashi.

Alƙaluma sun nuna girman abin da ya biyo baya. A 1965 sistocin Amurka sun kusa 180,000. Zuwa 2014 ba su kai 50,000 ba. Ƙungiyar Jesuit ta maza, wadda take da mutum wajen 36,000 a duniya a 1965, ta sauko ƙasa da 15,000 a farkon shekarun 2020. Ba fita kaɗai ta jawo wannan ba, akwai mutuwa da ƙarancin masu shiga. Amma a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 dubban sistoci ne suke fita kowace shekara.

Misalin Los Anjelis

Misali mafi shahara shi ne na Sistocin Zuciyar Maryamu Marar Aibu. An kafa ƙungiyar a garin Olot na ƙasar Sifen a 1848, ta isa Kalifoniya a 1871, ta kuma yi fice wajen koyarwa a makarantun ikkilisiya da kwalejinta ta Los Anjelis. A babban taronsu na 1967, a ƙarƙashin shugabancin Anita Caspary, sistocin suka yanke shawarar cewa kowace tana iya zaɓen suturarta, kowane gida ya tsara lokutan addu'arsa, a rage cunkoson yara a aji, a kuma bar malamai su kammala karatunsu. Babban Bishop na birnin, Kadinal James McIntyre, ya ƙi amincewa, kuma a 1968 mafi yawansu suka bar makarantun da ke ƙarƙashinsa. A shekarar ne Roma ta goyi bayansa, ta nemi su koma ga sutura iri ɗaya, da addu'ar jam'i, da aikin koyarwa, da bin bishop.

A 1970 sistoci wajen ɗari uku suka karɓi warwarar wa'adinsu, kimanin hamsin suka rage a tsohon tsari. Abin lura shi ne, masu fitar ba su watse ba. Sun kafa sabuwar jama'a a wajen dokokin zuhudu, wadda daga baya ta karɓi maza da masu aure da Kiristocin wasu ɗariku. Mujallar Time ta sa hoton Caspary a bangonta a watan Fabrairu na 1970. Haka kuma a 1967 wasu Sistocin Glenmary, bayan saɓani da hukumar ikkilisiya a Cincinnati, sun fita tare suka ci gaba da aikinsu a tsakanin talakawan duwatsun Appalachia.

Muhimmancin waɗannan misalai shi ne sun rushe tsohuwar fassara. Mutum guda ana iya cewa ya gaza, a yi shiru da zancensa. Amma idan ɗari uku suka fita a fili, da shugabarsu a gaba, suka kuma ci gaba da addu'a da hidimar da suka saba, to ba yadda za a yi a kira su duka kasassu. Tun daga nan fita ta zama matsayi da ake iya gardama a kai.

Yadda Aka Kai ga Taron Zumunci

A ganinmu abubuwa uku ne suka share hanya. Na farko shi ne sauyin aƙida da muka ambata: idan tsarki na kowa ne, wadda ta fita ta yi aure ba ta faɗi ba, hanya ta sake. Na biyu shi ne sabon tsarin abokan tafiya marasa wa'adi. Sistocin Loretto, waɗanda aka kafa a Kentucky a 1812, sun buɗe irin wannan ƙofa a 1970, ƙungiyoyi da yawa kuma suka bi baya, har tsohuwar sista ta samu hanyar komowa ba tare da ta sake ɗaura wa'adi ba. Na uku shi ne tsufa. Waɗanda suka shiga gidan horo tare suna 'yan shekara goma sha takwas sun wayi gari suna binne juna, gidajen kuma ana sayarwa ko ana haɗe ƙungiyoyi. Bikin cikar shekaru ko rufe wani gida ya zama dalilin kiran kowa da kowa.

Masaniyar zamantakewa Helen Rose Ebaugh, wadda ita ma tsohuwar sista ce, ta nuna a littafinta Becoming an Ex na 1988 cewa wanda ya bar wani matsayi ba ya rabuwa da shi ɗungurungum, saurarsa na nan a jikinsa. Wannan ya taimaka mana mu gane abin da ya sa macen da ta yi jikoki za ta yi doguwar tafiya don ta kwana biyu a gidan da ta bari tun ƙuruciya.

Abin da Taron Bai Warware Ba

Sai dai kada mu ɗauka kome ya daidaita. Da fari akwai zancen haƙƙi. Kafin 1972 masu wa'adin talauci ba sa cikin tsarin fansho na gwamnatin Amurka, saboda haka wadda ta koyar shekara ashirin ta fita, ta fita ne ba ajiya. Dokokin ikkilisiya na 1983, a doka ta 702, sun ce wanda ya fita ba shi da ikon neman ladan aikin da ya yi, ko da yake sun umarci ƙungiya ta yi masa adalci da ƙauna. Su ma waɗanda suka zauna ba su tsira ba, domin sai da bishop-bishop na Amurka suka fara tara taimakon shekara-shekara a 1988 don ciyar da tsofaffinsu. Liyafar kwana biyu ba ta biyan wannan bashi.

Na biyu, ba a daidaita kan musabbabin fitar ba. Ann Carey, a littafinta Sisters in Crisis na 1997, ta ɗora laifin a kan shugabannin da suka wuce gona da iri wajen sauyi. Kenneth Briggs kuwa, a Double Crossed na 2006, ya ɗora shi a kan manyan ikkilisiya da suka yi umarnin gyara sa'an nan suka tare hanya. Wasu masana suna ganin buɗewar ƙofofin ilmi da aiki ga mata ita ce babbar sila. Saɓanin ya kai har a 1992 aka kafa majalisa ta biyu ta shugabannin sistoci, ta masu riƙo da tsohon tsari.

Na uku, kuma wannan ya fi shafar mu masu nazarin tarihi, masu zuwa taron su ne waɗanda suka huce. Wadda aka kora, ko aka zalunta, ko ta bar addinin baki ɗaya, da wuya ta amsa gayyata. Mai binciken da ya dogara ga abin da ya ji a zauren taro kaɗai zai rubuta tarihin sulhu, alhali kuwa akwai waɗanda ba su yafe ba.

Kammalawa

Duk da haka, taron yana da amfani babba ga tarihi. Littattafan da ƙungiyoyi suke ajiyewa na waɗanda suka zauna ne. Mai fita, iyakarta layi guda da kwanan wata. Alhali kuwa ita ma ta koyar a aji, ta yi jinya a asibiti. A irin wannan taro ne ake samun sunayen fuskokin da ke cikin tsofaffin hotuna, a kuma ji ɓangare na biyu na labarin.

Batun ya shafe mu ta wata fuska. A 1956 Sistocin Dominikan na Great Bend, a jihar Kansas, suka zo Gusau, suka yi aikin jinya da koyarwa, daga aikinsu ne kuma ƙungiyar sistocin Dominikan 'yan ƙasa ta Gusau ta tsiro. A 2009 ƙungiyar ta Great Bend ta haɗe da wasu ta zama sabuwar ƙungiya. Duk mai son rubuta tarihin makarantu da asibitocin mishan a ƙasar nan tilas ne ya nemi takardun irin waɗannan ƙungiyoyi inda suka koma, ya kuma tuna cewa ma'aikatan mishan na wancan zamani su ma guguwar fita ta shafe su. Shawararmu ga 'yan'uwa malamai ita ce a nemi shaidar waɗanda suka zauna da waɗanda suka fita, a gwama da abin da ke rubuce, a kuma hanzarta, domin mafi yawan masu wannan shaida sun haura shekara tamanin.