Tunawa Da Ungozoma Da Majinyatan Ƙasar Minjibir

Duk lokacin da ake ba da tarihin Minjibir, akan fara ne da masaƙa da manoma da malamai da masu sarauta. Ba kasafai ake tunawa da matan da suka riƙe lafiyar jama'a a cikin gidaje ba, wato ungozoma da tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu wajen jinya. Alhali kuwa mafi yawan dattawanmu, daga Kunya zuwa Wasai, daga Kantama zuwa Sarbi, hannunsu ne ya fara taɓa su a duniya.

A zamanin Turawa, asibitin da talaka ya sani shi ne Asibitin Birni na Kano, wanda daga baya aka sa masa sunan Murtala Muhammad. Ga mutumin ƙauye, zuwa can tafiya ce ta ƙasa ko ta jaki, don haka gida ne asibiti. Ungozoma galibi dattijuwa ce wadda ta daina haihuwa, ta kuma gaji sana'ar daga uwa ko kaka. Saboda kunya, mace takan haihu ita kaɗai, sannan a aika a kira ta ko da tsakar dare ne. Ita ce mai yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka har ranar suna, ta kuma tsaya a kan wankan jego na kwana arba'in. Ladanta a duniya bai wuce hatsi da goro da sabulu da kason naman ragon suna ba.

Aikin jinya ya fi haka nauyi. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana kawar da agana a 1980, da kuma lokacin annobar sanƙarau ta 1996 wadda ta girgiza Jihar Kano, mata ne suka kwana a kan marasa lafiya. Su ne masu dama kunu, su juya wanda jikinsa ya shanye, su wanke shimfiɗa, ba tare da ƙyama ba. Wannan hali yana da asali a Musulunci, domin Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina inda ta yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk abin da suka gada ne ya zama alheri ba. Binciken likitoci a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da zafin ruwan jego da ciwon zuciya ga masu jego. Haka nan yankan gishiri da doguwar naƙuda sun jefa mata da dama cikin yoyon fitsari. Sai dai rashin sani ne ya jawo, ba mugunta ba. Bayan taron Alma-Ata na 1978, musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, an mai da hankali ga kiwon lafiya a matakin farko, aka shiga koya wa ungozoma tsafta da gane alamun haɗari da tura mace asibiti da wuri. Da aka ci gaba da rigakafin shan inna a Kano a 2004, mata ne suka riƙa shiga gidajen kulle inda namiji ba ya shiga, har aka kai ga shelar kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a 2020.

Yau 'ya'yan Minjibir sun watsu a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, an bar iyaye a gida. Kuɗin da muke aikawa yana sayen magani, amma ba ya ɗaga tsoho ya ba shi ruwa. Wata ƙanwa ko matar ɗa ko maƙwabciya ce ke yin wannan, sau da yawa ba ko sannu. Ya kamata ƙungiyarmu ta tattara tarihin ungozoman kowace mazaɓa tun waɗanda suka san su suna raye, ta kuma ware wani abu a asusunta don tallafa wa masu jinya da horar da su. Yaba kyauta tukuici, in ji Hausawa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa na raye da alheri, amin.